"Ba haka ake yi a caji ofis ba": abin da bakin masu kallo ke koyarwa

Duk wanda ya yi aikin wasan kwaikwayon 'yan sanda na talabijin ya san maganar da ke fara dawo masa washegarin haska shiri: "Ai ba haka ake yi a caji ofis ba." A nan Katsina ana jin ta a teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura, ana jin ta a majalisar bayan la'asar a Sabon Layi, tana zuwa a saƙon murya daga Daura ko Funtuwa. Abu na farko da na koya a aikin nan shi ne maganar ɗaya ce, amma masu faɗinta mutum biyu ne, kuma kowa inda ya dosa daban.

Na farko lauya ne, ko ɗan sanda, ko ma'aikacin kotu. Shi nufinsa an saɓa wa doka. Na biyu wanda ya taɓa kwana a bayan kanta ne, ko matar da ta yi kwana uku tana kai wa ɗanta kwanon abinci. Su nufinsu an yi wa ofishin kwalliya, an nuna abin da ba shi suka tarar ba. Marubucin da ya zuba su a kwando ɗaya, in ya gyara don wannan sai ya ƙara ɓata wa wancan.

A ɗauki fitowar beli. An kama yaro kan zargin ƙwacen waya, mahaifinsa ya zo, DPO ya ce, "Baba, beli kyauta ne, sa hannu ka tafi da shi." Lauya zai ce daidai. Mai kwanon abinci kuwa daga nan ta daina yarda da shirin. In kuma aka juya, aka nuna kofur ya karɓi "kuɗin takarda" ya sa aljihu, fitowa ta wuce ba wanda ya ce uffan, ita za ta ce an faɗi gaskiya, amma yaro ɗan shekara sha biyar da ke kallo ya tashi da cewa haka ƙa'ida take. Abin da ke aiki shi ne a haɗa biyun a fitowa ɗaya: a nemi kuɗin, sannan a sami wanda ya san haƙƙinsa, ko da tsohon malamin makaranta ne da ya rako maƙwabcinsa, ya ɗaga kai ya karanta sanarwar "beli kyauta ne" da ke manne a bango, ya ce, "Yallaɓai, wannan rubutun fa?" Kada kuma a ƙarasa ta da daɗi ƙwarai. Kofur ya ɓata rai, ya ja musu lokaci har magariba, sannan ya saki yaron. Mai kallo na yarda da nasarar da aka sha wuya kafin a same ta.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan da nauyi shi ne mutane da yawa ba su taɓa buɗe kundin tsarin mulki ba, abin da suka gani a allo shi ne dokar da suka sani. Sashe na 35 na kundin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai dai wannan ƙa'idar ba ta hau kan wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Sashen ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce ba a hana mace tsaya wa mutum beli don tana mace. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta wa asibiti duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan, in shiri ya nuna akasinta a matsayin daidai, to ya yi ɓarnar da ta fi ƙarfin nishaɗin da ya bayar. Uwar da ta ga jarumin shiri ya tsare tsoho "har sai ɗansa ya kawo kansa", aka kuma buga kiɗan jarumta a kai, ranar da abin ya zo gidanta ba za ta san tana da bakin magana ba.

Kuskuren kaki shi ne mafi sauƙin gyara, kuma shi ya fi saurin zubar da mutunci. Kofur igiya biyu, saje igiya uku. A muƙaman manyan jami'ai kuwa, ASP anini ɗaya ko biyu, DSP uku, SP tambarin ƙasa, CSP tambarin ƙasa da anini ɗaya. DPO yawanci SP ne ko CSP, don haka in aka sa mai igiya uku a kujerarsa yana ba mai anini umarni, duk wani tsohon ɗan sanda a unguwa ya sami abin faɗi na mako guda. Yadda kuskuren ke shigowa sananne ne: rigunan haya ne, guda huɗu ake juya wa mutum goma, a ɗauki rabin fitowa ranar Talata rabi ranar Asabar, sai jarumi ya shiga ofis da anini biyu ya fito da uku. Maganinsa mai kula da kwantiniti, wato mai lura kada kayan ɗan wasa su sauya daga ɗauka zuwa ɗauka, ya ɗauki hoton kafaɗa da ƙirjin kowane ɗan wasa kafin a fara ɗauka, a rubuta sunansa a cikin wuyan rigar. Haka bindiga: gidan harsashin AK-47 na yau da kullum guda 30 yake ci, kuma akwai masu ƙirgawa. Yatsa kada ya kwanta kan kunama in ba harbi za a yi ba.

Sai binciken waya, inda shirye-shiryenmu suka fi kwaikwayon na Amurka ido rufe. Jami'i ya danna kwamfuta, ɗigon ja ya fito, ga ɓarawo a ɗaki na biyu hannun dama. A zahiri ana farawa da IMEI, wato lambar shaidar waya mai lamba 15, wadda ke jikin kwalin waya ko ake gani in an danna *#06#, a rubuta wa kamfanin layi, a jira amsa, kuma bayanan kamfani ƙarfen sabis ɗin da wayar ta hau suke nunawa, wato yanki, sauran aikin na ƙafa ne da tambaya. Masu gyaran waya su ne suka fi kama wannan. Illarsa ta wuce dariya, domin wanda aka ƙwace wa waya zai je ofis yana sa ran ɗigon ja, in bai gani ba ya ce an ci kuɗi an ƙi yi masa aiki.

Shari'ar kisa ma haka. Ba a gama ta a ofishin yanki. Ana miƙa ta sashen binciken manyan laifuka na jiha, majistare ya ba da umarnin tsarewa, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a a ba da shawara, sannan babbar kotu ta saurara. In aka nuna duk wannan daki-daki masu kallo za su ce shiri ya ja. Rubutu ɗaya a allo, "bayan wata biyar", da gashin da ya taru a kan wanda ake tuhuma, sun isa.

Martanin da na fi jin tsoro shi ne tafi. A duba gidan kallo lokacin da sufeto ya rufe ƙofa, ya naɗe hannun riga, ya shara wa wanda ake zargi mari har ya amsa laifi. Benci na girgiza, wani ya miƙe tsaye yana cewa "Ƙara mashi!", mai sayar da rake a bakin ƙofa ma ya leƙo. Furodusa in ya ga haka sai ya ce a ƙara irinta a kashi na gaba. Ina fahimtar inda tafin ya fito. Jihar nan ta sha wuya a hannun 'yan bindiga: Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Faskari, Sabuwa, ga ɗalibai sama da 300 da aka kwashe a Ƙanƙara a Disambar 2020. Mutumin da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa yana da ƙishin ganin mugu ya ji jiki. Amma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta sa dukan nan laifi ne mai ɗauri har shekara 25, kuma dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar amsa laifin da aka tatsa da ƙarfi. Mafi muni, hannun da ya koyi tafa wa marin shi ne ke ɗaukar dutse in an yi ihun ɓarawo a kasuwa, tun ba a san ko wanda ake bi ya yi ba. In labari ya buƙaci marin, a bi shi zuwa ƙarshensa: lauya ya ƙalubalanci jawabin, alƙali ya yi watsi da shi, mai laifin gaske ya fita saboda gaggawar sufeto. Masu kallo za su fusata a daren. Wannan fushin ya fi wancan tafin amfani.

Akwai kuma ƙorafin da ba ya zuwa da ƙarfi, sai an kasa kunne. In duk mugun shiri sanda ce a kafaɗarsa da malfa, Hausarsa kuma an karya ta da gangan, Bafulatanin da ke kiwonsa lafiya lau, wanda shi ma an kore masa shanu, ya san da wa ake. Ba zai rubuto ba, zai kashe talabijin ne kawai, 'ya'yansa kuma su sha tsokana a makaranta. Haka in aka kira unguwa ta gaske da sunanta a matsayin matattarar Ƙauraye, wato 'yan daba, ko aka nuna ƙofar gidan da kowa ya sani a matsayin maɓoyar masu garkuwa. A ƙirƙiro sunan unguwa, a rufe lambar mota, kada a bar lambar waya ta fito cikakkiya a allo domin sai an kira ta. Fitowar mai tsegunta wa jami'ai labari kuwa a yi hattara da ita ƙwarai. Kada a koya wa kowa yadda ake gano shi.

Harshe ma ana lura. Shirin da aka ce a Katsina yake, amma tun daga DPO har mai gadi ba mai cewa "mashi" ko "ɗiyata", kunne na kamawa nan take. Jami'ai ana kawo su daga ko'ina a ƙasar nan, don haka Hausarsu ta bambanta daidai ne. Mutanen gari su ya kamata su yi ta gida.

Yadda ake tattara martanin shi kansa sana'a ce. Abin da ya zo a daren farko na samari ne masu data, kuma mai fushi ya fi mai gamsuwa saurin rubutu. Matan da suka kalla a tsakar gida, waɗanda sau da yawa su suka fi riƙe shiri mai dogon zango, ba kasafai ake jin su ba sai an je an tambaya. Don haka a bar kwana biyu kafin a yanke komai. Mafi kyau ma a gwada kashin kafin a haska: mutum goma zuwa sha biyu, a ciki a sami tsohon saje, ma'aikacin kotu, iyaye mata biyu ko uku, mai Keke Napep, da ɗalibai. Maza daban, mata daban, matasa kuma kada a zaunar da su gaban dattawa, don ba za su musa wa babba ba. Darakta ya fita daga ɗakin. Kada a tambayi "Ya yi kyau?", kara za ta sa kowa ya ce ma sha Allah. A ce, "Hajiya, ba mu labarin abin da ya faru." A ce, "Wa ke da laifi?" A ce, "Da ɗanki ne aka kama, me za ki yi gobe da safe?" Amsar tambaya ta ukun nan ita ke nuna dokar da shirin ya koyar.

Abin da aka ji a raba shi gida uku. Kuskuren gaskiya, irin na anini ko na sashen doka, ko mutum ɗaya ne ya faɗa a bincika a gyara. Rashin fahimta, sai mutum uku da ba su ji juna ba sun ruɗe a wuri ɗaya sannan a taɓa. Son rai, irin "kada a kashe wane" ko "a haɗa su aure", a saurara a bar shi. Shirin da ke bin son ran masu kallo mako-mako, kafin ƙarshen zango ba ya da ƙashin baya.

Kafin a ɗora wa labari laifin "ban gane ba", a duba sauti. Yawancin lokaci maganar da ta warware ƙullin an faɗe ta ne ƙasa-ƙasa, ƙarar janareta ta shiga, ko kiɗa ya danne ta. Edita ya ji ta sarai a manyan lasifikoki, mai kallo kuwa a ƙaramar waya ya kalla, mutum huɗu sun haɗa kai a kanta. A saurari kashin gaba ɗaya a irin wannan wayar kafin a sake shi, kuma muhimmin bayani a faɗe shi sau biyu ta baki biyu, saboda wanda wuta ta ɗauke masa a tsakiya. Wanda ke sa shirinsa a YouTube yana da jadawalin da ke nuna mintin da mutane suka fara barin kallo. A buɗe shi a gefen takardar ƙorafi, a ga ko wurin da ake kuka da shi nan ne aka gudu.

In kuskuren doka ya riga ya fita, kada a yi shiru a kai. Rubutun gyara na daƙiƙa goma a farkon kashi na gaba yana da amfani, amma da yawa ba sa karanta rubutun allo. Abin da ya fi shiga shi ne a sa gyaran a bakin ɗan wasa: DPO ya kira sajen da ya tsare tsoho a madadin ɗansa, a gaban tsohon, ya ce a sake shi yanzu, ya kuma faɗi dalili da Hausar da mai kallo zai iya maimaitawa a gaban kanta.