Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zumunta a Ƙafa Take

Makon jiya na tsaya inda muka dawo daga Asibitin Ƙashi na Dala da hoton ƙafar aminina a cikin leda. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mana yadda ƙashin cinyar ya haɗe a karkace, da wani wuri da ya ce ƙwayar cuta ta zauna a ciki, shi ya sa gyambon yake rufewa ya sake buɗewa. Sai an kankare, an sake karyawa, an sa ƙarfe. Da ya faɗi kuɗin aikin, aminina dariya ya yi, ya ce, "Likita, har da babur ɗin ne?"

Babur ɗin dai shi ne mafari. Da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 ya dawo gida, yana ɗaukar kaya zuwa Gujungu duk Lahadi. A shekarar da ta biyo baya mota ta kaɗe shi da buhu biyu a baya. Ni na hana a kai shi asibiti, gara in faɗa da bakina. Na ce yanke ƙafar za su yi. Ni na danne masa kafaɗu mai ɗori yana ja, yana kiran Inna kamar yaron goye. Shekara takwas bayan nan, in sanyi ya shigo, ta katanga nake jin nishinsa. Ƙwayoyin kashe zafi kuwa ya sha har cikinsa ya fara ƙuna.

Don haka ba don na fi kowa kirki na ɗauki littafi na shiga gari ba. Bashi nake biya.

Ga shi lokacin bai yi daɗi ba. Ambaliyar 2022 ta cinye mana gero da riɗi, wasu gidajen ma ko rumbu babu. Duk da haka 'yan majalisarmu suka yarda a juya kwasar adashi ta watan nan gare shi. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a aka zaga da faifai. Matar aminina ta sayar da tunkiyarta mai ciki da kwanukan jerenta. Wata tsohuwa mai ƙosai ta kwance bakin zani ta ba ni naira 300, ta ce kada in rubuta sunanta. Na rubuta.

Sai baffansa. Kun san shi, ba sai na yi kwatance ba, mai shanu a Maigatari duk Alhamis. Na je na durƙusa a zaurensa, na ce, "Baffa, maganar ƙafar ɗanka ce." Ya gama cin goronsa tsaf, sannan ya ce, "Zumunta a ƙafa take. Shekara nawa rabon da ya tako gidan nan?"

Mutumin da ko masallacin ƙofar gida sai da sanda. Ya tako da me?

Abin da ya fi ci mini rai, karin maganar nan ta Kaka ce. Ita ce take faɗa mana muna yara, in ta ɗaure ƙunshin daddawa za ta ƙauyen 'yan'uwanta a ƙasa, tafiyar wuni. Ita mai lafiya take nufi ya je wurin mara lafiya. Baffa ya juya ta ya mari gurgu da ita. Ya ciro naira 2,000 ya ajiye a kan tabarma, ko miƙo mini bai yi ba. Na ɗauka, don ba kuɗina nake nema ba. Bara da aka yi bikin 'yarsa, har daga Kano aka ɗauko masu girki. Amma wannan wani zance ne.

Muna tsaka da tarawa sai ga canjin kuɗi. Duk abin da muka haɗa tsofaffin takardu ne, an ce ƙarshen Janairun 2023 sun daina aiki, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Na ɗure su a cikin buhun taki, na ɗora gero kwano biyu a sama saboda idon mutane, na yi asubanci zuwa banki a Ringim. Daga hantsi har la'asar ina kan layi, buhun a tsakanin ƙafafuna. Har yau in na tuna warin kuɗin nan, na ƙosai da na daddawa da na gumi, sai in ji wani abu a maƙogwaro. Samarinmu da ke ci-rani a Legas su taransifa suka yi ta turowa, dubu ɗaya, dubu biyu, cikin dare.

Kuɗin bai cika ba sai da na jinginar da gonata ta bakin fadama. Ban gaya wa aminina ba, a bakin mata ya ji. Kwana uku bai yi mini magana ba.

Ranar da za mu tafi Dala, motar haya ta bi ta ƙofar gidan Baffa. Yana zaune a kan dakali, lafiyarsa ƙalau, ƙafafu biyu a miƙe. Aminina ya ɗaga masa hannu. Ni kam kallon gabana na yi. Yadda aka yi da jinin da aka ce mu kawo kafin a shiga da shi tiyata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.