Yadda nake duba marasa lafiya ta waya a Makka, da ranar da lamba ta yaudare ni

Kwana tara a jere jikan Baba yana turo mini hoton na'urar awon hawan jini, kullum bayan sallar asuba, kullum 132 bisa 84. Ni kuwa sai in rubuta a fayil, in mayar masa da amsa: "Madalla, a ci gaba da shan magani." Baba dattijo ne da ya haura saba'in, tela ne a da a wajen Sharar Mansur, tun yana saurayi ya zo aikin hajji bai koma gida ba. Gwiwoyi sun ƙi, gidansu kuma a kan dutse yake, sai an sauko matakala mai yawa kafin a kai inda mota ke tsayawa. Shi ya sa likita ya saka shi cikin waɗanda zan riƙa bibiya daga nesa.

A rana ta goma 'yarsa ta kawo shi mustausaf ɗinmu, wato ƙaramin asibitin da nake aiki, ciwon kai ya hana shi barci. Na ɗaura masa namu awon, ya nuna 186 bisa 106. Na bar shi ya huta, na sake, kusan haka. Sai na ce a ɗauko mini ta gida. Ashe robar da ke kai iska ta tsage tun kwanaki, na'urar ba ta nuna komai sai harafin E, alamar awo bai yiwu ba. Yaron, ɗan shekara goma sha huɗu, ya ji tsoron a ce shi ya lalata ta, sai ya riƙa danna maɓallin da ke dawo da awon baya, ya ɗauki hotonsa ya turo.

Ban ga laifin yaron ba, nawa na gani. Jinin mutum mai rai ba ya tsayawa wuri guda kwana tara. Ko tsakanin awo biyu a zama ɗaya sai an samu bambanci. Kwanan watan ma yana nan ƙanana a kusurwar allon, ban duba ba, saboda lambar ta yi mini daɗi. Allah Ya kiyaye, bai kai ga shanyewar ɓarin jiki ba. Likita ya gyara masa magani a ranar.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a nan Makka aka haife ni, kuma ban shiga wannan aiki na waya da shiri ba. Korona ce ta tura mu. A watan Afrilun 2020 aka sa dokar hana fita dare da rana a Makka da Madina, masu ciwon suga da hawan jini suka maƙale a gida, magunguna suna ƙarewa. Muka koma kiran su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin jama'a suka san lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya, wadda ake kira a yi magana da likita, suka saba da Sehhaty, manhajar waya ta ma'aikatar. Masu zuwa asibitin gwamnati kuma suka saba da Wasfaty, inda likita zai rubuta magani, saƙo ya shigo jawwal, wato wayar hannu, mutum ya karɓa a saidaliyya, wato shagon magani na unguwarsu. Da annoba ta lafa na zaci za a koma yadda ake da. Sai ma abin ya ƙara faɗi: a watan Fabrairun 2022 aka buɗe asibitin Seha a Riyad, wanda ba shi da gadon kwanciya, ƙwararrun likitoci ne ke zaune gaban kwamfuta suna duba hoton ƙwaƙwalwa da na zuciya na marasa lafiyar da ke kwance a asibitocin garuruwa masu nisa. A 2024 kundin Guinness ya rubuta shi a matsayin mafi girman irinsa a duniya. Ƙananan wurare irin namu ma kowa ya buɗe nasa sashen.

Amma nawa aikin ba a gaban manyan alluna yake ba. Yana cikin ɗakin Inna, da hannun da ya ɗaura awon, da wanda ke riƙe da wayar. Manhajojin da Larabci da Turanci suke, tsofaffinmu da yawa kuwa Larabcin kasuwa kawai suke ji, ba sa karantawa. Don haka a kowane gida akwai wani ma'aikacin jinya da ba a ɗauka aiki ba: jika, ko suruka, ko autar gida. Tun daga abin da ya faru da Baba, ba na fara bibiyar kowa sai an zo mini da na'urar da mai riƙe ta. In gwada ta da tamu, in duba ko abin ɗaurawar ya yi daidai da damtsen, domin idan ya yi wa mutum kaɗan sai ya nuna jini ya hau fiye da yadda yake. Sannan in sa yaron ya yi a gabana: mara lafiya ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan matashi daidai ƙirji, ba a kan hannun riga ba, ba hira, ba gahawa ko shayi rabin awa kafin nan. Nakan kuma gaya musu cewa awon gida daga 135 bisa 85 ake fara lissafa shi a matsayin hawa, ba 140 bisa 90 na asibiti ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne "da sauƙi". Ki kira Bahaushe yana numfashi da ƙyar, ki ce, "Baba, yaya jiki?" zai ce, "Da sauƙi, 'yata, alhamdu lillahi." Ba ƙarya yake yi ba, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma kunya ba ta barinsa ya yi wa sa'ar 'yar cikinsa ƙorafi. A asibiti idona zai ƙaryata bakinsa, zan ga yadda ya shigo, yadda ya zauna. A waya ba ni da wannan. Sai na canza tambaya. Bayan gaisuwa nakan ce, "Baba, asuba a tsaye ka yi ta ko a zaune? Jiya ka samu zuwa masallaci?" Mai ciwon zuciya in ce, "Hajiya, matashi nawa kika kwana a kai? Takalminki na shiga?" Idan ta ce ai kwana biyu a zaune take barci, to ruwa ya fara taruwa, ko da ta ce da sauƙi sau goma. Su ne kuma nake sa su hau sikeli kowace safiya, domin ƙarin da ya wuce kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Mai suga kuwa, maimakon in ambaci fitsari ga sa'an mahaifina, sai in ce, "Sau nawa ka tashi kama ruwa da daddare?" Nan take zai faɗa.

Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin ita ma ba na sakin jiki da ita. Baƙin lalle yana rikita ta, ga mu da biki kusan kowane mako. Sannan wani bincike na jami'ar Michigan a Amurka, da aka buga a ƙarshen 2020, ya nuna cewa a baƙar fata ta fi yawan nuna iska ta wadata alhali ta yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda take yi a farar fata. Saboda haka idan ta ce 95 amma ina jin mutum yana yanke magana don ya ja numfashi, kunnena nake bi.

Inda na ga amfanin abin ƙarara shi ne a azumi. Wata Hajiya mai allurar insulin, likita ya hana ta azumi ta ƙi, sai muka maƙala mata na'urar suga a bayan damtse, irin mai yin kwana 14, muka haɗa da wayata da ta ɗanta. Wata rana bayan la'asar wayata ta yi ƙara: 64, kibiyar kuma na kallon ƙasa. Na kira ta. Muryarta ta yi sanyi, amma ta ce, "Haba 'yar nan, saura kaɗan a sha ruwa." Na ce, "Hajiya, ƙa'idar ita ce in ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a karya. Allah da kansa Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ki rama wata rana." Ta yi shiru. Na kira ɗanta yana shago, ya rufe ya tafi gida, ya huda mata yatsa don tabbatarwa, ya ba ta dabino da lemo. Ba don na'urar ba, da sai dai a tarar da ita a sume. Ita ma takan yi ƙarar banza cikin dare idan mutum ya danne ta da barci, shi ya sa huda yatsa bai daina aiki ba.

Akwai abin da na ƙi yarda a yi ta waya: ƙafar mai suga. Hoto ba ya nuna ja a fatarmu yadda ya kamata, ba ya kawo ɗumin wurin, ba ya kawo wari. Duk wanda ya ce mini ya taka wani abu, ko yatsa ya canza launi, zuwa zai yi, ko da ɗauko shi za a yi daga kan dutse. Ciwon ƙirji, karkacewar baki da sarƙewar magana kuwa ba ni za a kira ba, 997 za a kira, lambar motar ɗaukar marasa lafiya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya har yanzu shi ne 'yan'uwanmu da ba su da igama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Rajistar manhajojin da lambar shaida ake yi, su kuwa ba su da ita, kuma su ne suka fi jin tsoron zuwa asibiti. A lokacin korona Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin cutar kyauta har da marasa takarda, na ga yadda mutane suka fito. Hawan jini da suga suna nan a gidajensu.

Jikan Baba yanzu ya shiga sakandare ta sama, har yau shi ke yin awon. Na roƙe shi tun ranar cewa duk abin da allon ya nuna ya turo mini, ko da E ne. Makon jiya ya turo 141 bisa 88, washegari 129 bisa 80, ya ƙara da saƙon murya: "Anti, jiya kafin awo Baba ya sha gahawa ban sani ba, shi ya sa na sake yau."