Na gano inda rana ke shiga kyamarar zagaye

Jiya da daddare na ciro fim ɗin gwaji daga ruwa, na ɗaga shi a gaban ƙwan banɗaki, tun daga farko har ƙarshe fes, babu ko ɗigon baƙi a inda bai kamata ba. Sai da na yi ihu har Umma ta leƙo tana tambayar ko kunama ce. Kwana goma sha tara ke nan ina fama, alhali ƙa'idar zagayen mako biyu ne kowa zai riƙe kyamarar ya miƙa gaba.

Ga wanda bai bi labarin ba: Olympus Trip 35 ce, ta wani dattijo a Fotugal. Daga hannunsa ta je Sikotlan, Jamus, Kanada, sannan ta sauka Kano a wurina, ni ne na bakwai. Kowa zai ɗauki fim ɗaya, ya yi rubutu a ɗan littafin da ke cikin kwalin, ya aika wa na gaba. Zaɓin ya yi, don ba ta cin batir, zoben selenium da ke kewaye da idonta ne ke auna haske, kuma da yake daga 1967 zuwa 1984 an ƙera miliyoyi irinta, in ta ɓata a hanya ba za a yi zaman makoki ba.

Kodak Gold 200 na saka mata. Na je marinar Ƙofar Mata da hantsi, na hau Dala da la'asar, na ƙarasa sauran a Kurmi. Na aika Legas aka wanke. Kuɗin fim da wanki da kai da kawowa sun haura naira dubu arba'in, kuma da hotunan suka dawo, tara daga cikin talatin da shida na ɗauke da wani jan zane kamar harshen wuta daga sama har ƙasa. Har da wanda na fi sa wa rai, wani marini ya ɗago zane daga rijiya baba na zuba, jan ya bi ta tsakiyar fuskarsa.

Da farko mai wankin na zarga. Na kira shi da zafi, ya ce in jira nagatif, wato ainihin fim ɗin da aka wanke, ya iso hannuna tukuna. Da ya iso kuwa kunya ta kama ni. Tabon bai tsaya a cikin hoton ba, ya haye har kan hudojin gefe. Hasken da ya bi ta idon kyamara ba zai taɓa kai can ba. Launin ma shaida ne: in haske ya shigo ta baya, shimfiɗar fim ɗin da ke jin ja yake fara tararwa, shi ya sa yake fita ja ko ruwan lemo. Da ta gaba ya shigo, fari zai fito. To, ta murfin baya ne. Amma ta ina?

Nan ne na ɓata kusan mako guda, don lissafin ya ƙi fita. Ina rubuta kowane hoto da lokacinsa, sai na ɗauko takardar ina gwadawa. Na 14 ya ƙone, alhali a cikin rumfa na ɗauke shi. Na 16 a tsakar rana na ɗauka, ko ƙwarzane babu. Na zauna ina juya abin har kaina ya yi ciwo. Na yi zargin gwangwanin fim ɗin, na yi zargin na'urar binciken kaya ta filin jirgi, har na fara tunanin ko ni ne na buɗe murfin ban sani ba.

Abin da ya warware min shi ne na daina duba lokacin da na ɗauki hoton, na koma duba abin da na yi bayan ɗaukarsa. Bayan na 14 na fito daga rumfa na taka daga Kurmi har bakin titi, kusan minti arba'in, kyamara na rataye a ƙirjina rana na dukanta. Duk guda taran haka suke: ko dai hoton ƙarshe kafin doguwar tafiya, ko wanda ya gabace shi. Wato wanda aka riga aka ɗauka aka naɗe, ya matsa dama ya tsaya daidai gaɓar murfi, shi ke shan wuta. Wanda ke jira a bayan ido lafiyarsa ƙalau. Waɗanda na ɗauka a jere da sauri ba su daɗe a wurin ba balle su ƙone.

Na buɗe na duba gaɓar da kyau. Soson tare haske da ke wurin ya zama kwalta. Na taɓa da tsinken sakace ya biyo shi yana danƙo. Don in tabbatar, na ciro 'yar tocilar da ke gindin laita, na kunna, na sa a ciki na rufe, na shiga ɗaki na ja bargo. Bayan minti biyu ido ya saba, sai ga siririn haske kamar gashi a tsawon gaɓar, da wani ɗan ƙarami a kusurwar sama.

Da na sanar da sauran 'yan zagayen, sai aka koma aka duba hotunan baya. Ashe na Jamus ma akwai ɗan ja-ja a gefen biyu daga cikin nasa, ya ɗauka ado ne. Su a lokacin sanyi suka yi nasu, rana ba ƙarfi, kyamara na cikin aljihun kwat. Ranar Afrilu ta Kano ce ta tona asirin, wataƙila zafin hanya ma ya ƙarasa soson. Abin da ya ɓata min rai, mutum biyu suka ce a bar shi haka, wai jan zanen "halin kyamarar ne". Hali? Mai cewa haka bai biya dubu arba'in ya ga fuskar marini a ƙone ba. Kuma wadda za ta karɓa bayana a Indunusiya take, ita ma ba ƙaramar rana gare su ba.

Duk da haka ban taɓa komai ba sai da mai ita ya amsa, don kayan amana ne. Kwana uku ina jira. Amsar ta zo a layi ɗaya: in gyara, amma kada in sa abin da ba zai ciru ba.

Kankare tsohon soson ya ci min yamma guda, da tsinke da auduga da sifirit, na toshe bayan ido da takarda kada ɓarɓashi ya faɗa. Soson da ake yankawa musamman don wannan aikin sai an yi odarsa daga waje, kuɗin kawo shi ya ninka kuɗinsa, ga jiran mako uku. Sai na koma dabarar tsofaffin masu gyara. Na sami Umma tana saƙa hular jariri.

"Umma, don Allah ki ɗan yanko min baƙin ulun nan, kamu ɗaya."

"Kai da shirmen hotonka. Ɗauki, amma kada ka yamutsa min ƙullin."

Ulun na cusa a kwararon sama da na ƙasa ba tare da gam ba. Gaɓar kuma na yanko baƙin karan-miskin da ke bakin tsohon gwangwanin fim, na manna da siririn salatif mai manne gaba da baya. Karon farko murfin ya ƙi rufuwa, sai an danne da ƙarfi, kuma tsakiyarsa ya ɗan kumbura, wanda ya fi matsalar farko muni. Zaren ya yi kauri. Na warware shi, sili huɗu ne, na bar biyu. Ya rufu da ƙaramin "ƙas" mai daɗin ji.

Na saka Fomapan, fim baƙi da fari, na fara naɗi, sai ma'aunin ƙirga hoto ya tsaya a S, wato mafarin ƙirga, ya ƙi motsi. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na kashe kyamarar mutane. Ashe akwai wani ɗan ƙarfe a kwararon sama da murfi ke dannawa don ƙirgar ta kama, ni kuwa na bi da zaren ta kansa. Ku da za ku gwada wannan, ku yanke zaren ku bar wa ƙarfen nan gurbi. Na cire fim ɗin a cikin jakar duhu, na gyara, na mayar.

Gwajin kuwa ban yi mata da sauƙi ba. Na rufe ido da hularsa, na cire ta daga A, inda take auna haske da kanta, na mayar kan lamba 22, don in tana A a cikin duhu wata 'yar jar tuta za ta taso a tagar leƙo ta hana maɓalli dannuwa. Na danna, na naɗe, na kai ta saman soro ƙarfe ɗaya na rana, gaɓa na kallon sama, minti ashirin. Na sake danna biyu, na juya wani gefen. Haka har sau shida, ina tsoron kada zafi ya yi mata wata illar, ina taɓa ta kamar mai jinyar zazzaɓi. Wankin ma sai da na sayi ƙanƙara kafin ruwan ya sauko digiri 20, don na famfo ya wuce 30. Sakamakon shi ne wanda ya sa Umma ta zaci kunama.

Na sayi wani Gold ɗin, kuɗin ya sake ciwo, na koma Ƙofar Mata yau da safe. Marinin nan bai fito ba, an ce ya yi tafiya. Na ɗauki ƙaninsa yana bugu, ban san yadda zai fito ba sai Legas ta dawo da shi. Wanda ya ƙonen na wanke shi a kati na liƙa a littafin, shafi na bakwai, na zana kibiya zuwa jan layin na rubuta dalilinsa a ƙasa. Ragowar ulun da yanki biyu na karan-miski suna cikin ambulan a kwalin, da zanen inda ɗan ƙarfen yake. Gobe zan kai wa kamfanin aike, sun ce min kuɗin zuwa Jakarta ya fi na fim biyu.