Maratayin gafakar kakanmu

Duk wanda ya taɓa kwashe kaya daga cikin birnin Katsina ya san mota ba ta shiga lungu. Gidanmu na gado yana bayan hasumiyar Gobarau, sabon kuma can wajen Ƙofar Ƙaura, don haka a-kori-kura a bakin titi ta tsaya, komai sai an fito da shi a ka ko a baro. Gadaje da kujeru da firji ba su da labari. Tasoshin tagulla na Inna da shantali da akusa ma sun isa lafiya: kowanne an naɗe shi da tsohon zani, an cusa tsumma a tsakani, farantan tangaran kuma a tsaye muka jera su cikin kwali, ba wani kan wani ba. Abin da har yau nake jin zafinsa gafaka ce.

Alƙur'anin kakanmu ne a ciki, rubutun hannu. Tun da safe na faɗa wa kowa cewa ni zan ɗauke shi da kaina. Aka kira ni waje kan cinikin kuɗin mota, sai wani yaro cikin 'yan dako ya ga jakar fata rataye a ƙusa, ya yi abin da kowa ke yi da jaka: ya kama maratayi ya saɓa a kafaɗa. Bai wuce ƙofar zaure da nisa ba maratayin ya tsinke.

A ido fatar lafiyarta lau, har jan rininta da saura. Amma hunturun shekara da shekaru ya tsotse ta, ta bushe har ciki. Tana iya riƙe nauyi a ƙusa inda ba motsi. Girgizar tafiya ce ba ta iya ɗauka ba. Da gafakar ta bugi ƙasa, igiyar tadarishin, wato bangon da ke riƙe fallayen, ita ma ta sake. Irin wannan Alƙur'ani kuwa ba a ɗinke yake ba, falle-falle ne, kuma ba lambar shafi. Iska ta ɗebi wasu, wasu suka faɗa bakin kwata.

Gwaggo ce ta cece mu. Yaran unguwa sun rugo za su taya tsincewa, ta daka musu tsawa: "Kada wanda ya taɓa! Da alwalla gare ku?" Ita alwalla ta duba, amma tsawar ta hana hannuwa masu gumi da maiƙo damƙar takardar. Yaron kuwa sai rawar jiki yake, tana ce masa, "Ɗan nan, mi ya kai ka?" Ban iya ce masa komai ba, kuma kuɗinsa na ba shi cif, amma ba zan ce na huce ba.

Fallayen da suka jiƙe su ne asarar. Tawadar gargajiya ƙaro ne ke riƙe da ita, shi kuma ƙaro ruwa na narkar da shi. Jan wasali ne ya fara malala, sai ɗigon rawaya na hamza ya bi shi, baƙin ya dishe. Yaya ya ce a shanya su a rana, wani ya kawo shawarar dutsen guga. Na ƙi. Farin yadi muka shimfiɗa a inuwar ɗaki, muka kwantar da kowane falle shi kaɗai, ba shafawa, ba haɗa biyu wuri guda, don in suka manne to rubutun wannan ya koma bayan wancan. Leda ma ban yarda ta kusance su ba. Tana sa takarda da fata gumi, fumfuna ta biyo baya.

Mayar da su kan tsari aikin wani alaramma ne na unguwarmu. A ƙasan kowane falle marubucin ya ajiye kalmar farko ta wanda ke binsa, da ita ake bin sawu. Na ce, "Allah gafarta Malam, in riƙa karanto maka?" Ya ce in dai miƙo masa kawai. Da ya kalli layin farko ya san surar da hizifin. Shi ne ya ɗaga wani falle wajen taga ya nuna mini siffar jinjirin wata guda uku a jikin takardar, tambarin takardar Italiya da fatake ke ratso Sahara da ita a ƙarni na 19. Tun tasowata nake ganin gafakar nan a rataye, ban taɓa sanin haka ba sai da ta zube a lungu.

Daga nan sauran kayan sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ta wajen mariƙi. Hamilar takobi, da na ɗan ja ta, zare ya fara saki. Hannun akwatin ƙarfe tsatsa ta ci gindinsa. Adudun da rigunan saƙi ke ciki gara ta lashe ƙasansa, da an ɗaga shi da sai rigunan su zube. Duka aka tallabo su ta ƙasa da hannu biyu, wasu a kan faifan katako. Tsohon hoton Baba mai gilashi a tsaye ya tafi, tsakanin matasan kai biyu, a gaban mota. Ɗan dako ba zai san wannan ba, shi mariƙi yake nema, saboda haka tsohon kaya ba a barinsa inda idonsa zai kai, ko da an ja kunne. A kulle shi a ɗaki guda, ya fita ƙarshe, a hannun mai shi.

Labari ya bazu, har wani dillali ya zo wai ko za mu sayar da Alƙur'anin tunda ya riga ya sami rauni. Na tuna masa cewa tun 1979 akwai dokar da ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba, na raka shi ƙofa.

Yanzu gardamar da ke tsakanina da Yaya kan gyara ce. Shi yana so baduku ya sa sabon maratayi, alaramma kuma ya sake rubuta fallayen da suka dishe a cire tsofaffin. Na yarda a rubuta sababbi a ajiye su gefe, amma tsofaffin ba inda za su, kuma gafakar a kwance take cikin kabad, ba za ta sake hawa ƙusa ba. Yaya ya ce sai Baffa ya zo daga Daura a yanke magana.