Sayen sabon kaset da yin naɗi a kansa

A makon jiya na sayi kaset guda biyar sababbi fil a cikin ledarsu, domin in kwashe wasu tsofaffin hirarraki da nake so su zauna a kan abin da zan iya riƙewa da hannuna. Rabona da irin wannan sayayya an daɗe, kuma abin da na fara lura da shi shi ne yadda zaɓi ya ragu. A da, kamfanoni irin su TDK da Maxell da Sony da BASF suna gogayya da juna, kowanne da kalolinsa, amma yanzu yawancin abin da ake ƙerawa nau'i na ɗaya ne, wato na gama-gari. Nau'i na biyu da ake kira kurom, da na huɗu na ƙarfe zalla, galibi sai dai ragowar tsohon kaya.

Tun da kamfanin Philips ya fito da kaset a bajekolin rediyo na birnin Balin da ke Jamus a shekarar 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens, tsarinsa bai sauya ba. Faɗin zaren milimita 3.81 ne, yana kuma tafiya santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, kuma wannan tafiyar hawainiya na daga cikin dalilan ɗan shuuu ɗin nan da ake ji a bayan murya.

Wurin da na fi tsayawa in yi tunani shi ne tsawo. Kaset mai lamba C60 yana ɗaukar minti 30 a kowane gefe, C90 minti 45, C120 kuma awa guda cur. Duk mai son banza zai miƙa hannu ga C120, ni ma na taɓa yin haka, na kuwa ɗanɗana kuɗata. Kafin a cusa zare mai tsawon haka a cikin gida ɗaya, dole a sirantar da shi, kuma siririn zare shi ne abincin rikoda. Ina tsaka da sauraro muryar ta fara ja kamar ta mai maye, na buɗe na tarar zaren ya nannaɗe a jikin ƙaramar robar da ke jan sa. Na zare shi a hankali, na zura biro a cikin ramin na mayar da shi, amma wurin da ya tamuke bai sake fitar da magana sosai ba. Tun daga ranar na tsaya a kan C90.

Shi kansa naɗin yana son natsuwa. Nakan fara goge ɗan ƙarfen da zaren ke gogawa da auduga da sifirit, domin dattin da ido ba ya gani ma yana dusashe murya. Sannan in bar kaset ɗin ya yi tafiyar daƙiƙa biyar ko shida, saboda farkon zaren roba ce kawai wadda ba ta kama sauti, kuma mutane da yawa sun rasa sallamar mai magana a wannan wurin. Daga nan sai ido ya koma kan allurar ma'aunin ƙarfin sauti da ke jikin rikoda: idan ta kwanta ƙasa, shuuu ɗin ya rinjayi muryar, idan kuma ta zauna a cikin ja, sautin ya fashe. Ni nakan bar ta tana leƙa jan tana dawowa.

Da na gama na farko, na sa bakin biro na ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu da ke saman kaset, waɗanda idan babu su maɓallin naɗi ba zai dannu ba. Sai da na saurara daga baya na gane cewa gefen farko ya ƙare a tsakiyar jimla, don haka yanzu ina neman salatif da zan toshe ramin in sake aikin daga farko.