Godiya bayan tafiyarmu ta Tsohuwar Dongola

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah mun dawo lafiya daga yawon da mukai a kogin Nilu, kuma akwai mutanen da in ban fito na gode musu a bainar jama'a ba to wallahi ban kyauta ba.

Mu dai tare muka taso a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, amma tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023 kowa ya kama gabansa, wani Bur Sudan wani Kasala wani Atbara, gaisuwa sai ta WhatsApp. Babban yayanmu da ke zaune a Dabba shi ya dage lallai sai mun haɗu a hutun nan, ya nemo jirgi ya biya kuɗin mai ya sauke mu a gidansa. Yaya Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a.

Sai Baba mai jirgi. Lokacin sanyi ne ruwa ya ja baya, yashi duk ya taso a tsakiyar kogi, shi kuwa bawan Allahn nan launin ruwa kawai yake kalla ya san inda zurfi yake. Da iska ta tura mu muka hau yashi bai tsaya wata-wata ba ya naɗe jallabiya ya dira cikin ruwan nan mai ɗan karen sanyi shi da ɗansa suka yi ta turi har muka fita, dattijo fa da furfurarsa, da muka ce za a ƙara masa wani abu cewa yai baƙonsa ba ya biyan turi.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai hawan tudun ne. Kufan birnin Tsohuwar Dongola a kan dutse yake a gabashin kogi, hanyar kuma duk rairayi ne mai nutsar da ƙafa ga fasassun tukwane birjik ko'ina ka taka. Ɗan uwanmu da ya samu rauni a ƙafa a Omdurman har yanzu da sanda yake tafiya, ya ce mu je kawai zai jira mu a inuwar dabino. Wasu samari biyu na ƙauyen da ko sunanmu ba su sani ba suka ce ina, wanda ya zo har nan ai ba a barinsa a ƙasa, suka kawo jaki suka ɗora shi, inda jakin ya tsaya suka saɓa hannuwansa a kafaɗunsu har sama. Da ya juya ya hango kogin da koren gonaki da hamada a bayansu sai ga hawaye, mu ma dai haka. Ƙannena in saƙon nan ya iso gare ku, Allah ya ɗaga ku sama da yadda kuka ɗaga shi.

Mai gadin wajen shi ma ya sha tambayoyi bai gaji ba. Nan ne fa babban birnin daular Makuriya, daular Kiristocin Nuba. Ya nuna mana kaurin ganuwar, ya ce a 652 rundunar Abdullahi ɗan Abi Sarh daga Masar ta kewaye garin tana jifa da manyan duwatsu amma ba ta shiga ba sbd maharban Nuba da ake cewa ido suke nema da kibiya, ƙarshe sai sulhu akai, yarjejeniyar Baƙt, wadda ta kai wajen shekara 600 tana aiki. Shekara 600 jama'a! Mu da muka ga abin da rashin sulhu ya yi wa gidajenmu, wannan maganar ta shige mu sosai. Ga kuma dogon ginin nan mai hawa biyu da ake hangowa tun daga ruwa, fadar sarakuna ce aka mai da ita masallaci a 1317 zamanin sarki Abdullahi Barshambu, an yi ta salla a ciki har 1969. Mun ga ginshiƙan dutse na tsohon coci da masu tonon tarihi ƴan Polan suka fito da su, a 1964 suka fara aiki a wajen, muka gangara ta wurin ƙubbobin shehunai mukai musu addu'a.

Hajiyar da ta tare mu a bakin ruwa da gurasa mai zafi da dabino da jabana, wato kofinmu na Sudan, Umma mun gode, mun ci mun ƙoshi har da guzuri.

Iyayenmu da matanmu da suka bi mu da addu'a, da waɗanda suka so zuwa hali bai yi ba, duk muna godiya. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya mu sake haɗuwa a Mai Wurno gaba ɗaya. Dan Allah wanda ya ɗauki hotunan saman tudun ya turo a guruf yau, mahaifiyar ɗan uwanmu tana ta tambaya tana so ta gani da idonta.