Daga Ƙauyenmu Zuwa Jidda da Goyo a Baya

Maigida aikin tuƙi yake yi a Jidda, kuma tun da aka haifi Ummi bai taɓa ganinta ba sai a waya. Da bizar ziyara ta fito, mu huɗu aka rubuta: ni, da Inna mahaifiyarsa, da Abba mai shekara huɗu, da Ummi da ke da wata goma sha ɗaya. Babu namiji babba a cikinmu. Ƙanen maigida ne ya yi ta zirga-zirga tsakanin ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim da ofishin wani ejan a Kano, har aka zo maganar tikiti.

Ranar da zai biya kuɗin sai ya kira ni daga ofishin. Ya ce, "Yaya, ejan ya ce akwai wani ƙarin kuɗi da ake biya, firayoriti, a shigar da ku jirgi kafin kowa. Akwai kuma na zaɓen kujera, shi daban. A biya ko a bari?" Kamfanin irin masu araha ne, waɗanda ke rage kuɗin tikiti sannan su sayar maka da komai ɗaya bayan ɗaya: nauyin kaya, abinci, kujerar da kake so, har da wurin tsayuwa a layi. Kowane mutum ake yi wa lissafi, kuma zuwa daban dawowa daban. Inna na zaune kan tabarma tana jin mu. Ta ce, "'Yar nan, wanda ya shiga gaba zai riga sauran sauka a Makka ne?" Na ce a'a, Inna, jirgin ɗaya ne. Ta ce to ita ba ta ga abin saye a nan ba. Ni kuwa abin da nake hangowa shi ne kaina da goyo a baya, jaka a kafaɗa, hannu ɗaya riƙe da yaron da ba ya zama wuri ɗaya, ɗaya hannun riƙe da tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga mutane sama da ɗari suna turo mu daga baya. Na ce a biya duka biyun.

Mun baro gida bayan sallar asuba, lokacin hunturu, hazo ya rufe gonaki har ba a ganin bishiyoyin kuka sai an zo dab da su. An riga an girbe gero da dawa, karan ne kawai a tsaye a wasu wuraren. Muka bi ta Zakirai da Gezawa, muka shiga Kano ta titin Haɗejia daidai lokacin da 'yan Adaidaita Sahu suka cika hanya. Abba bai runtsa ba. Tun daga gida yake tambaya ko jirgin yana da hon.

A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano na tuna abin da nake koya wa ɗalibaina a firamare, cewa a Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya a 1925, kuma wannan filin ya fara aiki tun 1936. Ban taɓa wuce ƙofarsa ba sai ranar. Aka duba fasfo, aka duba katin rigakafin shawara, har da na Ummi, tun da an yi mata allurar tana wata tara. A wurin bincike an hana shiga da ruwan da ya wuce mililita 100, amma da suka ga fidar yarinya da filas ɗin kununta sai suka buɗe suka duba suka bar mana. Jakar hannu kilo 7 aka yarda da shi, ni kuwa tawa famfas ne da kayan canji da tsumma da biskit da maganin zazzaɓi, ta cika har zif ɗin yana ƙoƙarin fashewa.

A zauren jira na zauna kusa da wata Hajiya 'yar kasuwa da ke zuwa Jidda saro abaya da turare. Da ta ga alamar da ke jikin katin shiga jirginmu sai ta girgiza kai. Ta ce, "Ƙanwata, mai ƙaramin yaro ba ya gaggawar shiga jirgi. Ki bar shi ya yi ta gudu a nan har ya gaji, ku shiga a ƙarshe. In kin shiga da wuri kin ƙara masa zaman rabin awa ko fiye a kujera, kafin ma jirgin ya motsa." Ta ƙara da cewa tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen da ke zuwa Saudiyya daga nan suka koma yin zagaye, tafiyar da a da ba ta wuce awa biyar ba ta ƙara tsawo sosai. Maganarta gaskiya ce, kuma ta shige ni. Sai dai dabarar tata ta fi dacewa da mata da miji: ɗaya ya shiga gaba da kaya ya gyara wuri, ɗaya ya tsaya da yara a waje. Ni ba ni da wanda zan tura gaba. Inna ba za ta iya ɗaga jaka sama da kanta ba, ba kuma za ta iya bin Abba in ya zura da gudu ba.

Da aka fara kira, mu aka fara kira tare da wasu 'yan tsiraru. Muka bi dogon lungun nan da ke kaiwa har bakin ƙofar jirgi, babu kowa a gabanmu, babu mai ture mu. Inna ta yi tafiyarta a hankali yadda gwiwarta ta yarda. Abin da kuɗina ya saya mini ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Na sami ma'ajiyar kaya ta saman kujerarmu a buɗe ba kowa a ciki. Na kwance goyo a tsanake, na zaunar da Abba a bakin taga, Inna a bakin hanya saboda fita bayan gida, ni a tsakiya. Na ciro duk abin da zan nema a hanya na tura ƙarƙashin kujerar gabana. Ma'aikaciyar jirgin ta sami sukunin durƙusawa ta nuna mini yadda ake haɗa ɗan ƙaramin bel ɗin jarirai da nawa, domin yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya yake tafiya, ba shi da kujera. Ta ce in ba ta nono lokacin tashi da lokacin sauka, haɗiyar tana rage mata ciwon kunne. Da a cikin turmutsutsu muka shiga, ba na jin za ta sami minti ɗaya ta yi mini wannan bayanin.

Sannan jama'a suka fara shigowa, a nan ne kuma na ga abin da har yau bai bar raina ba. Wata mata ce da yara uku, ƙaramin a kafaɗa yana tsala kuka. Ba ta biya kuɗin kujera ba, wataƙila ma ba a gaya mata akwai shi ba, sai kwamfuta ta warwatsa su: ita a can baya, 'yarta mai kamar shekara shida a tsakiyar wasu maza biyu, ɗayan yaron a wani layin. Ta tsaya a tsakiyar hanya tana roƙon a yi mata musanya, na baya suna ce mata ta matsa. Jakarta ba ta sami wuri ba, aka karɓe aka kai cikin kayan ƙasa, ga shi madarar yaron tana ciki. Wani dattijo ne ya miƙe ya ce, "Baiwar Allah, zo ki zauna nan da 'ya'yanki," ya ja wani saurayi suka koma baya. Allah ya saka masa da alheri. Amma me ya sa sai uwa ta yi roƙo kafin ta zauna kusa da 'yarta? A tashar motarmu ta ranar kasuwa, in mai goyo ta zo, ɗan kamasho da kansa yake tayar da saurayi ya ba ta wuri mai kyau, ba a taɓa ce mata ta ƙara ko naira ɗaya ba. Wasu ƙasashen sun fara gyara wannan. A Indiya, hukumar kula da jiragen sama ta ba da umarni a 2024 cewa duk yaron da bai wuce shekara 12 ba a zaunar da shi kusa da ɗaya daga cikin iyayensa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ina fata masu iko da harkar jirage a nan su duba wannan.

Hajiyar ma ba ta yi ƙarya ba. Kafin a rufe ƙofa Abba ya gama da tagar, ya gama da biskit, ya fara dukan kujerar gaba da ƙafa. Inna ce ta cece ni. Ta jawo shi tana cewa, "Haba maigidana, a gaban mutane za ka kunyata ni? To na fasa auren." Ya yi dariya, ta shiga yi masa tatsuniya da murya ƙasa-ƙasa har jirgi ya ɗaga. Ita kanta a lokacin carbinta ta damƙe, leɓenta na motsi. Ummi ta kama nono ta yi barci. Sauran tafiyar ba ta da wani labari, ban da canjin famfas a ɗan matsattsen bayan gidan nan da ko juyawa ba ka iya yi. Mun tsallaka Bahar Maliya da dare, fitilun Jidda suka bayyana a ƙasa, agogo ya ƙara awa biyu a kan na gida. Maigida na tsaye a wurin tarba. Ya durƙusa ya gaida Inna tukuna, sannan ya miƙo hannu zai karɓi Ummi, ta ƙanƙame ni tana kuka don ba ta san shi ba. Shi ma sai da ya share ido.

Mun yi Umara, mun je Madina a jirgin ƙasan Haramain mai gudun tsiya, wanda ke haɗa Makka da Madina cikin ƙasa da awa uku. Wannan labari ne na wata ranar.

A dawowa ne kuɗin shiga gaban ya tashi a banza. An kira mu da farko kamar yadda aka yi alkawari, amma jirgin yana can nesa a fili, mota ce za ta kai mu. Mu da muka fara shiga motar aka tura mu can ƙurya, sauran suka cika ta maƙil, muka tsaya ana jiran na ƙarshe. Da ta tsaya a gindin jirgi, waɗanda suka shigo a ƙarshe su ne a bakin ƙofa, su suka fara hawa matakala. Na hau da Ummi a baya da jaka a hannu, wani bawan Allah ɗan Gumel ya ɗauki Abba, matarsa ta riƙe Inna. Abin da ya tsaya mana a wannan karon shi ne kujerun da muka biya, domin duk da mun shiga a makare, layinmu na nan yana jiranmu, mu huɗu wuri ɗaya.

Bayan mun dawo, wata maƙwabciyarmu da za ta bi mijinta da tagwayenta ta zo tambayata. Na ce mata ta fara biyan kuɗin kujera, wannan kada ta yi wasa da shi. Na shiga gaba kuwa, ta sa a tambayi ejan ko kamfanin yana fara kiran masu yara da tsofaffi kyauta, don da yawa suna yi, kuma ko da ba su sanar ba ta je wurin ma'aikatan ƙofa ta nuna musu yaran. In ita kaɗai ce babba a tafiyar kuma kuɗin bai fi ƙarfinta ba, ta biya na tashi daga Kano, ta bar na dawowa. Ta ce ƙanwar mijinta za ta raka ta. Na ce to ta tura ta gaba da jakunkuna, ita ta tsaya da tagwayen su sha gudunsu a zauren jira sai an yi kiran ƙarshe.